Zare: ranar da shugaban masu rinjaye na Borno ya wayi gari ɗan Chadi

1/
Hutun da ya wuce ina gida Sundimina, muna majalisa bayan la'asar, musu ya kaure kan zanga-zanga: a fita ko kar a fita. Wani abokina ya rantse wai abin da ya faru a Agustan 2024 ba 'yan ƙasa ne suka yi ba, 'yan Nijar aka shigo da su. Na ce masa wannan maganar ta girme mu duka. Ku gyara zama, zaren da ɗan tsawo.

2/
Abin dariyar, a wancan makon na Agusta shi ne ya cika mana WhatsApp da bidiyon Turawan Ingila suna jifan masallaci. Kun tuna dai: an kashe yara mata uku a Southport ranar 29 ga Yuli, aka baza ƙarya cewa Musulmi ne mai neman mafaka ya yi, alhali a Cardiff aka haifi yaron. Ranar 4 ga Agusta har otal ɗin da aka ajiye baƙi suka so ƙonawa a Rotherham.

3/
Wato a mako guda yana tsine wa masu cewa baƙo ne matsalar Ingila, kuma yana cewa baƙo ne matsalar Kano. Laifi tudu ne. Ban ga laifinsa sosai ba, ba a koya mana wannan tarihin a makaranta. Ni ma sai da na shiga jami'a na ci karo da shi, kuma na sha mamaki da na ga sunan Gwaram a ciki.

4/
Mu koma 24 ga Janairu 1980. Mulkin farar hula bai cika wata huɗu ba, Shehu Shagari na NPN ne shugaban ƙasa. Borno kuwa ba ta hannun NPN. GNPP ta Waziri Ibrahim ce ta ci jihar, mai taken siyasa ba da gaba ba, Muhammadu Goni ne gwamna.

5/
Shugaban masu rinjaye a majalisar dokokin Borno shi ne Alhaji Shugaba Abdurrahman Darman. Mutum ne mai baki, in ya hau dandamali jama'a ke cika wurin, kuma ba ya raga wa gwamnatin tarayya. A wannan ranar jami'an shige da fice suka je gidansa a Maiduguri, suka ɗauke shi, suka tsallaka da shi iyaka, suka sauke shi a Chadi.

6/
Ku sake karantawa. Zaɓaɓɓen ɗan majalisa, wanda hukumar zaɓe ta tantance, ya ci zaɓe, aka rantsar da shi. Ba a kai shi kotu ba, ba a tuhume shi da sata ko kisa ba. Takarda ɗaya aka rubuta cewa shi ba ɗan Najeriya ba ne kuma zamansa barazana ce ga tsaro. Shi ke nan.

7/
Wa ya sa hannu a takardar? Ministan harkokin cikin gida na lokacin, Bello Maitama Yusuf, ɗan Gwaram, nan maƙwabtanmu. Shekararsa talatin da 'yan kai a lokacin. Shi ne daga baya ya zama Sardaunan Dutse, ya yi mana sanata daga 1999 zuwa 2007. Ya rasu a 2023, Allah ya jiƙansa.

8/
Kafin 'yan Gwaram su cika min akwati: ba tozarta mamaci na zo yi ba. Minista ba ya korar shugaban masu rinjaye na jiha guda da ra'ayin kansa, shawarar gwamnati ce da jam'iyya. Na kawo sunan ne don mu daina ɗauka irin wannan siyasar daga Turai ake sauke mana ita. A gida ma an san ta.

9/
Af, lokacin babu Jigawa, sai 1991 aka yi ta. Birnin Kudu da Gwaram duk jihar Kano ne, PRP ke mulki, Abubakar Rimi gwamna. Sule Lamido na Bamaina yana majalisar wakilai a PRP. Wato yanki ɗaya, ɗa guda a cikin gwamnatin da ta yi korar, ɗa guda a ɓangaren adawa. Siyasar nan tamu ba yau ta fara zafi ba.

10/
Hujjar gwamnati ita ce mahaifin Shugaba daga ƙasar da yanzu ake kira Chadi ya fito. To amma yaushe? Tun zamanin da babu wata ƙasa mai suna Najeriya ko Chadi a bakin talaka, Turawan Ingila da na Faransa suna kan ja layinsu a takarda. Mutumin ya zauna a Maiduguri, ya yi aure a can, aka haifi Shugaba a can.

11/
Ƙasa ta ɗauki zafi. Jam'iyyun adawa da jaridu suka yi ca. Sai a lokacin gwamnati ta kafa kwamitin da zai binciki asalin mutumin. Ku lura da jerin abin: an kore shi tukuna, sannan aka zauna bincike ko ya cancanci kora.

12/
Aka je babbar kotun Maiduguri gaban mai shari'a Oye Adefila. Abin da mutane suka fi tunawa a shari'ar shi ne wata mata da aka kawo daga Chadi, tana kuka tana cewa ita ta haife shi, a ba ta ɗanta. Shugaba ya ce bai taɓa ganinta ba. Mahaifiyarsa 'yar Borno ce kuma mutanen gari sun san ta.

13/
Tsarin mulkin 1979 kuwa a fili yake. Wanda aka haifa a ƙasar nan kafin 'yancin kai, in uwarsa ko ubansa ko ɗaya daga kakanninsa ɗan wata al'ummar Najeriya ne, to ɗan ƙasa ne. Uwa kaɗai ta isa. Kuma ba a korar ɗan ƙasa daga ƙasarsa. Wannan doka tana nan a tsarin mulkin 1999, sashe na 25 da na 41.

14/
Kotu ta soke korar, ta ce a biya shi diyyar naira 350,000, kuɗi mai yawan gaske a lokacin da naira ta fi dala daraja. Gwamnati ta ɗaukaka ƙara, ba ta yi nasara ba. Har yau ɗaliban lauya suna karanta wannan shari'a. Ku tambayi duk wanda kuka sani a tsangayar shari'a ta BUK ko ABU.

15/
Abin da nake so ku riƙe daga nan: kalmar "baƙo" ba a kan baƙo aka fara gwada kaifinta ba a jamhuriya ta biyu. A kan ɗan adawa aka gwada. In ba ka iya kayar da mutum a akwati ba, kuma ba ka da laifin da za ka kai shi kotu, sai ka ce ai ba ɗan nan ba ne. Daga nan ba sai ka amsa abin da ya faɗa ba.

16/
Kuma ba mu muka ƙirƙiro dabarar ba, a kanmu ma aka taɓa yin ta. Mu tsallaka Gana. Hausawa sun daɗe a can tun fataucin goro, Gwanja da Salaga, kafin Bature. Unguwannin da ake kira zongo a Kumasi da Ankara, ai zangonmu ne. Alhassan Ɗantata ma ya yi fataucin goro a can kafin ya dawo Kano ya kama gyaɗa.

17/
A 1957, shekarar da Gana ta samu 'yanci, gwamnatin Kwame Nkrumah ta kori manyan zangon Kumasi biyu, Alhaji Amadu Baba da Alhaji Usman Lardan. Jagorori ne a jam'iyyar Musulmi mai adawa da shi. Suka je kotu suka ce a nan aka haife mu. Kafin kotu ta yanke hukunci, majalisa ta yi doka ta musamman da sunayensu a jiki, aka turo su Najeriya.

18/
Doka guda don mutum biyu fa. Shekara 23 kafin Shugaba, salo ɗaya, sai dai a can ba a bar alƙali ya yi magana ba.

19/
Daga manya sai abin ya gangaro kan talaka. A 18 ga Nuwamba 1969 gwamnatin Kofi Busia ta ba duk baƙon da ba shi da takardar zama mako biyu ya fice. Tattalin arziki ya tsuke, ba aikin yi, aka nuna wa jama'a baƙi. Dubban ɗaruruwa suka fita, da yawansu Yarabawa da Hausawa, wasu a can aka haifi iyayensu. Aka karyar da shaguna da gidaje a banza.

20/
Sai rana ta juya. Shekarun 1970 man fetur ya yi kuɗi, Gana ta shiga wahala, mutanenta suka kwararo nan: malaman makaranta, teloli, masu gyaran takalmi, magina. Ku tambayi iyayenku da suka yi sakandare a lokacin, da wuya a rasa wanda malamin Gana bai koyar da shi lissafi ko Turanci ba. A 1979 ECOWAS ta amince ɗan yankin ya shiga kowace ƙasa kwana 90 ba biza.

21/
Abubuwa biyu suka canza iskar. Na farko rikicin Maitatsine a 'Yan Awaki, Kano, Disamba 1980. Alƙaluman hukuma sun ce mutum 4,177 suka mutu. Muhammadu Marwa ɗan Kamaru ne, an ma taɓa korarsa a 1962 ya dawo. Don haka da aka ce baƙi ne, maganar ta shiga kunne da sauƙi.

22/
Amma mafi yawan waɗanda suka bi shi namu ne: gardawa da samarin ƙauye da suka shigo birni ci-rani, suka ga kuɗin mai yana wucewa a motoci su ko abincin dare babu. Cewa baƙi ne ta hutar da kowa daga tambayar me ya sa yaranmu suka bi shi. Shi ya sa bayan an kashe shi abin ya sake tashi a Bulumkutu 1982, Jimeta 1984, Gombe 1985.

23/
Na biyu, farashin mai ya faɗi. A Afrilun 1982 gwamnati ta kawo dokar tsuke bakin aljihu. Masana'antu suna sallamar ma'aikata, albashi yana makara, zaɓe kuma yana tafe a Agustan 1983. Gwamnati tana buƙatar wanda za ta nuna wa jama'a, kuma wanda ba shi da ƙuri'a ya fi sauƙin nunawa.

24/
17 ga Janairu 1983, ministan cikin gida na lokacin, Ali Baba, ya sanar cewa duk baƙon haure ya bar ƙasar cikin mako biyu. Mako biyu dai, daidai da na Busia. Kimanin mutum miliyan biyu suka fita, wajen rabinsu 'yan Gana, sauran 'yan Nijar, Chadi, Kamaru, Togo, Benin.

25/
Gana a lokacin ta rufe iyakokinta, Rawlings yana tsoron juyin mulki. Mutane suka maƙale a hanya da tashar jirgin ruwa ta Apapa, ba ruwa ba abinci, wasu suka mutu kafin a buɗe. Jakar nan mai zane ja da shuɗi da kuke zuba kaya in za ku koma makaranta, wadda muke kira Gana-mas-go, a ita suka ɗure abin da suka iya ɗauka. Sunan daga nan ya samo asali.

26/
To an kore su. Aiki ya samu? Shinkafa ta sauko? Shagari ya ci zaɓen Agusta, ranar 31 ga Disamba sojoji suka kifar da shi, kuma dalilan da suka karanta a rediyo su ne cin hanci da lalacewar tattalin arziki. Mutum miliyan biyu sun tafi, matsalar tana zaune inda take.

27/
Buhari ya zo ya rufe iyakoki a Afrilun 1984, ya canza kuɗi, a 1985 ya sake wata korar. Wannan ta faɗo daidai lokacin fari. Mutanen Maraɗi da Damagaram da suka saba sauko da dabba su koma da hatsi suka tarar ƙofa a rufe. Hausawa kan raɗa wa yunwa suna, kuma a Nijar sunan da aka raɗa wa ta 1984 shi ne El-Buhari.

28/
Wannan ya fi taɓa ni, don waɗannan ba wasu mutanen nesa ba ne. Je ka kasuwar Maigatari ranar Alhamis ka ware min ɗan Nijar da ɗan Jigawa ta fuska ko ta harshe. Gida nawa ne a Gumel da Ɓaɓura ba su da dangi a tsallake? Da ma'aunin da aka auna Shugaba za a auna kowa a arewacin jihar nan, sai an yi hayar tirela.

29/
Kar a fahimce ni a baibai. Ban ce a bar iyaka a buɗe kamar kofar kasuwa ba. Makamai suna shigowa ta can, 'yan bindiga suna tsallakawa, kuma haƙƙin kowace ƙasa ne ta san wa ya shiga wa ya fita. Wannan aiki ne na kullum, na jami'ai da takardu da kasafi. Abin da nake zargi shi ne yadda ba a tuna da baƙo sai ranar da talaka ya fara tambayar ina kuɗinsa.

30/
Haka masu ƙyamar baƙi na Turai da Amurka suke yi. Sukan faro da gaskiya: haya ta yi tsada, asibiti layi, manyan 'yan siyasa sun manta da ku. Talakan can ya gyaɗa kai don haka ne. Sai a ƙarshen jimla a karkatar da yatsa daga mai mulki zuwa ɗan ci-rani. A Janairun 2020 Trump ya sa Najeriya cikin ƙasashen da ya taƙaita wa bizar zama, mu ma muka ji yadda take.

31/
Kalmar ma ta isa ta sa mu tsaya. Rediyo na kiran masu tsallaka teku zuwa Italiya 'yan ci-rani. Mu ma in an gama girbi samarin Sundimina suka hau mota zuwa Legas ko Fatakwal, me muke ce musu? Kalma ɗaya ce.

32/
Mu dawo Agustan 2024. An cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 600 cikin wata biyu. Kowa ya san kuɗin kwanon masara a gidansu. Malamai sun rabu kan halascin fita, matasa suka fita ranar 1 ga Agusta. A Dutse aka kai wa sakatariyar APC hari, gwamna Umar Namadi ya sa dokar hana fita ta awa 24.

33/
Ba zan wanke zanga-zangar tas ba. An fasa, an yi wawaso, a Kano an kwashe kayan cibiyar fasaha ta NCC da aka gina don matasa irinmu. Ɗaga tutar Rasha kuwa wauta ce, Putin bai san kuɗin taliya a Birnin Kudu ba. Masu cewa kar a fita don ba shugabanci kuma ɓata-gari za su ƙwace, suna da hujja, kuma abin da suka faɗa ya faru.

34/
Amma ku duba inda aka karkata bayani. Aka koma maganar hannun ƙasashen waje da masu ɗaukar nauyi daga ƙetare. Aka kama telolin da suka ɗinka tuta. Aka kama 'yan Poland bakwai a Kano, ashe ɗalibai shida ne da malaminsu daga jami'ar Warsaw, sun zo BUK ne kan karatun Hausa. Daga baya aka sake su.

35/
Waɗanda aka gurfanar a kotun Abuja ranar 1 ga Nuwamba kuwa kowa ya ga bidiyonsu. Yara ne ƙanana, ƙashin wuya a waje, wasu suka zube a gaban alƙali, ana tuhumarsu da cin amanar ƙasa. Sai da duniya ta yi ca Tinubu ya ce a sake su. Amnesty ta ce aƙalla mutum 24 aka kashe a jihohi shida har da Jigawa, 'yan sanda suka musanta.

36/
To a fita ko kar a fita? Ra'ayina, kuma nawa ne ni kaɗai: fita haƙƙi ne, amma fita ba tsari ba buƙata a rubuce kyauta ce ga wanda kake fita dominsa. Shugaba ba jifa ce ta dawo da shi gida ba. Surutun jama'a ne da jaridu da jam'iyya mai lauyoyi da alƙalin da bai ji tsoro ba, duk a tare. Wanda ya ce min mu haƙura don ba mu shirya ba, zan zauna mu yi musu har magariba.

37/
Wanda ba zan saurara ba shi ne mai cewa ai ba mu ba ne, baƙi ne. Wannan ba ya cikin musun a fita ko kar a fita. Cewa yake babu ma abin fita, yunwar da ka kwana da ita shigo da ita aka yi daga Damagaram.

38/
Kuma mu 'yan Arewa ya kamata mu fi kowa tsoron wannan kalma, don a Kudu mu ake jifa da ita. Janairun 2021 Sunday Igboho ya ba Fulanin Igangan wa'adi. Maris 2025 aka tare mafarauta 'yan Kano a Uromi suna hanyar gida hutun Sallah, aka kashe 16. Mu ma ba mu da bakin magana sosai: Yunin 2017 a Kaduna wasu ƙungiyoyin matasanmu suka ba Inyamurai wa'adin 1 ga Oktoba.

39/
Na gama duk wannan bayanin a majalisa, abokina ya ce to amma dai ba za a rasa 'yan Nijar a cikin masu tutar ba. Na ce mai yiwuwa, Kano ce, ba a rasa ɗan Nijar ko a layin masallaci. Sai wani a gefe ya tambaye shi labarin yayansa da ke acaɓa a Legas.

40/
Ya yi shiru, sannan ya ce tun da aka hana acaɓa a wasu ƙananan hukumomin Legas a Yunin 2022, ana cewa masu yi duk 'yan Nijar da Chadi ne, yayan nasa ba ya fita ko sayen shayi sai da katin ɗan ƙasa a aljihu. Ya ce ranar da aka ƙwace masa babur ya miƙa katin, wanda ya karɓa ya juya shi gaba da baya, ya ce masa ai irin wannan ko a Agadas ana buga shi.